Metod da Saƙo a Rubutun Manhaja Mai Dogaro da Obje: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu koyon rubuta manhaja a Maradi, ko ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne, ko matasan da ke koyo da kansu a waya da kwamfutar aro. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Yawancin misalan da yaren Python aka rubuta su, sai inda ya zama dole a kawo Java, C++ ko Smalltalk domin bambanci ya fito sarai.

1. Mene ne obje, kuma ina metod ya shigo cikin maganarsa?

Obje ƙunshi ne guda da ya haɗa bayanai da ayyukan da aka yarda a yi da waɗannan bayanai. Idan aka ɗauki asusun wani ɗan kasuwa a cikin manhaja, bayanansa su ne sunan mai shi da kuɗin da ke ciki, ayyukansa kuwa ajiya da cira. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan shi ake kira metod. Aji shi ne tsarin da ake rubutawa sau ɗaya, sannan a fitar da objoji masu yawa daga gare shi, kowanne da nasa bayanan amma duk suna tarayya a metododi iri ɗaya.

```python
class Asusu:
    def __init__(self, suna):
        self.suna = suna
        self._kudi = 0

    def ajiye(self, adadi):
        self._kudi += adadi

    def cire(self, adadi):
        if adadi > self._kudi:
            raise ValueError("Kuɗi ba su isa ba")
        self._kudi -= adadi
```

Da wannan ajin za a riƙa kafa misali a sauran amsoshin, don haka yana da kyau mai karatu ya rubuta shi a kwamfutarsa ya gwada.

2. Mene ne bambancin saƙo da metod? Ba abu ɗaya ba ne?

Saƙo buƙata ce da ake aika wa obje, metod kuwa shi ne kod ɗin da objen ya yi amfani da shi wajen biyan buƙatar. Idan aka rubuta `a.cire(5000)`, an aika wa obje `a` saƙo mai suna `cire` ɗauke da adadin 5000. Layukan da ke ƙarƙashin `def cire` a tambaya ta 1, waɗanda ke duba ko kuɗi sun isa kafin a rage su, su ne metod.

Wanda ya je babbar kasuwa ya ce wa mai hatsi, “Alhaji, a auna mini gero tiya biyu,” buƙatarsa kawai ya faɗa. Ba ya cusa hannu cikin buhu, ba ya zaɓar buhun da za a buɗe, kuma ba shi ke yanke ko za a yi masa gyara ba. Duk wannan na mai hatsi ne, kuma da a gaban wani mai hatsin ya faɗi kalmomin, da awon ya zo da ɗan bambanci. A ganina wannan rabuwa ita ce ginshiƙin darasin gaba ɗaya: mai aikawa ke faɗin abin da yake so, mai karɓa ke zaɓar yadda za a yi. Wanda ya riƙe ta da kyau zai ga tambayoyi na 5, 6 da 7 sun zo masa da sauƙi.

3. Me saƙo ya ƙunsa, kuma yaya ake rubuta shi a yaruka daban-daban?

Saƙo yana da sassa uku: mai karɓa, sunan saƙon, da kayan da saƙon ke ɗauke da su, idan akwai. A Python da Java da JavaScript ana rubuta `asusu.cire(5000)`. A Objective-C, wanda Brad Cox da Tom Love suka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, ana rubuta `[asusu cire:5000]`, kuma a bayan fage ana juya wannan layi zuwa kiran wani fonksiyon, wato guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki, sunansa `objc_msgSend`.

Smalltalk ne ya kai wannan tunani ƙarshensa. Saƙonninsa iri uku ne: marar kaya kamar `asusu saura`, mai alama kamar `3 + 4`, da mai kalmomi kamar `asusu tura: 5000 zuwa: wani`, wanda cikakken sunansa `tura:zuwa:`. A wannan yare lissafi ma saƙo ne, wato `3 + 4` na nufin an aika wa obje 3 saƙon `+` ɗauke da 4. Shi ya sa `3 + 4 * 2` ke ba da 14 a Smalltalk maimakon 11 da aka saba a makaranta, domin ana bin saƙonni masu alama daga hagu zuwa dama ba tare da fifita ninkawa ba. Hatta sharaɗi, `ifTrue:ifFalse:`, saƙo ne da ake aika wa obje na gaskiya ko na ƙarya.

4. Me ya raba metod da fonksiyon na yau da kullum, kuma mene ne amfanin `self`?

Fonksiyon yana tsaye shi kaɗai, yana aiki da abin da aka miƙa masa. Metod yana manne da aji, kuma duk lokacin da ya tashi aiki ya san objen da aka aika wa saƙon. Python yana bayyana wannan a fili: `a.cire(5000)` daidai yake da `Asusu.cire(a, 5000)`, wato objen da ke gaban ɗigo shi ke zama `self` a cikin metod. Java da C++ suna yin haka a ɓoye, suna kiran objen `this`, ba sai an rubuta shi cikin jerin kayan metod ba.

Daga nan ne kuskuren da ya fi damun sababbin masu koyon Python ke fitowa. Idan mutum ya rubuta `def cire(adadi)` ya manta da `self`, sannan ya kira `a.cire(5000)`, zai ga `TypeError` yana cewa metod ɗin abu ɗaya yake karɓa amma an ba shi biyu, alhali shi a ganinsa ɗaya ya bayar. Na biyun shi ne objen kansa, wanda yaren ya saka a gaba.

5. Idan an aika saƙo, ta yaya ake gano metod ɗin da zai amsa?

Ana bin sarƙar gado, wato jerin da ke samuwa idan wani aji (ɗa) ya gaji metododin wani ajin (uba). A Smalltalk kowane aji yana riƙe da ƙamus na metododinsa. Idan saƙo ya zo, sai a duba ƙamus ɗin ajin mai karɓa, in ba a samu ba a hau zuwa ajin da ya gada, haka har a kai ƙololuwa. Metod na farko da sunansa ya dace shi ke amsawa, kuma ba a ƙara dubawa sama da shi. Java ma ta wannan hanya take tafiya, kuma duk ajinta yana komawa ga aji guda mai suna `Object`.

Python ya ɗan fi rikitarwa saboda ya yarda aji ya gaji iyaye fiye da ɗaya. Idan iyaye biyu suna da metod mai suna iri ɗaya, dole a san wanda za a fara dubawa, kuma tun daga Python 2.3 na shekarar 2003 ana tsara wannan jeri da wata ƙa'ida mai suna C3, wadda ke tabbatar da cewa ɗa yana zuwa kafin iyayensa, iyayen kuma suna bin jerin da aka rubuta su. Mai son ganin jerin da idonsa ya rubuta `Asusu.mro()`. Java ta kauce wa yawancin wannan matsala ta hanyar hana aji gadon fiye da aji ɗaya.

6. Ta yaya saƙo ɗaya ke ba da sakamako daban-daban?

Tunda daga ajin mai karɓa ake fara neman metod, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 5, saƙo ɗaya na iya faɗawa kan metod daban gwargwadon wanda ya karɓe shi. A ɗauka ana rubuta manhajar lissafin kuɗin dako ga wani mai kai kaya daga Maradi zuwa Tibiri da Madarunfa da Ɗan Isa. Akwai ajin `Amalanke`, da na `Adaidaita`, da na `Tirela`, kowanne da metod mai suna `kudin_dako`, amma amalanke na lissafi da yawan buhuna, adaidaita da nisa, tirela kuma da nauyi da nisa tare.

```python
for abin_hawa in jeri:
    jimla += abin_hawa.kudin_dako(kaya)
```

Waɗannan layuka biyu ba su san nau'in abin hawan da ke cikin jerin ba, kuma ba su da buƙatar sani. Ranar da mai kayan ya fara aiki da a-kori-kura, sai a rubuta sabon aji guda mai nasa `kudin_dako`, layukan nan su zauna yadda suke. Da an bi tsohuwar hanya, da a kowane wurin da ake lissafi an jera sharuɗɗa, in amalanke ne a yi kaza, in tirela ce a yi kaza, kuma ƙarin abin hawa ɗaya zai sa a bi su duka ana gyarawa, har a manta da ɗaya. Duk sanda mai koyo ya ga kansa yana tambayar obje “kai wane iri ne?” kafin ya yanke abin yi, alama ce cewa aikin da ya kamata ya zama metod ya zube a waje.

7. Me ke faruwa idan obje bai san saƙon da aka aika masa ba?

Ya danganta da yaren. A Java da C++, kompaila, wato manhajar da ke juya kod zuwa abin da inji ke iya gudanarwa, yana duba kowane kira tun kafin a kunna manhajar, kuma idan ajin ba shi da metod mai wannan suna sai ya ƙi ci gaba. A Python ba a ganewa sai aiki ya iso kan layin, sannan `AttributeError` ya fito. Smalltalk kuwa yana mayar da gazawar kanta saƙo: yana aika wa objen `doesNotUnderstand:` ɗauke da saƙon da ya gagara, kuma aji na iya rubuta nasa metod ɗin don ya kama irin waɗannan saƙonni ya tura su wani wuri. Ruby, wanda Yukihiro Matsumoto ya fitar a 1995, yana da makamancin haka mai suna `method_missing`, Python kuma yana da `__getattr__`.

Akwai kuma saƙon da aka aika wa wofi, wato sunan da babu obje a bayansa. Java tana jefa `NullPointerException`, Python yana ƙorafin cewa `NoneType` ba shi da wannan sifa, Objective-C kuwa yana haɗiye saƙon da aka aika wa `nil` shiru ba tare da kuskure ba, abin da ke hana manhaja faɗuwa amma yana iya ɓoye ɓarna na dogon lokaci. Tony Hoare, wanda ya shigar da wannan wofi cikin yaren ALGOL W a 1965, ya bayyana shi a 2009 a matsayin kuskuren da ya jawo asarar dala biliyan ɗaya ta Amurka.

8. Mene ne bambancin sake rubuta metod a ajin ɗa da rubuta metododi masu suna ɗaya a aji ɗaya?

Na farko shi ne idan ajin ɗa ya rubuta metod mai suna da kaya iri ɗaya da na uba, sai nasa ya rufe na uban. Misali `AsusunAdashi` ya gaji `Asusu` amma ya sake rubuta `cire` domin kada a ciri kuɗi sai ranar kwasa ta zo. Idan yana son aikin uban ya gudana bayan nasa binciken, sai ya kira `super().cire(adadi)`, wanda ke cewa a ci gaba da nema daga aji na gaba a sarƙar gado. Na biyu kuwa shi ne a samu metododi biyu masu suna ɗaya a aji ɗaya amma kayansu sun bambanta, kamar yadda Java da C++ suka yarda.

Lokacin zaɓi ne ya raba su. A Java, kompaila ke zaɓa tsakanin masu suna ɗaya tun kafin a kunna manhaja, bisa nau'in da aka rubuta a kod, amma zaɓi tsakanin na ɗa da na uba sai manhaja na gudana ake yinsa, bisa ainihin objen da ya karɓi saƙon. Python ba shi da na biyun kwata-kwata: idan aka rubuta `def cire` sau biyu a aji ɗaya, na ƙarshe ne kawai ke rayuwa. A C++ kuma a kula sosai, domin idan ba a sa kalmar `virtual` a metod ɗin uba ba, kiran da ya bi ta manuni (abin da ke riƙe da adireshin obje) na nau'in uba zai tafi ga metod ɗin uba ko da objen na ajin ɗa ne.

Ajin ɗa da ya sake rubuta metod yana ɗauke da alƙawarin uba. Barbara Liskov ta tsara wannan ƙa'ida a 1987: duk inda ake amfani da obje na ajin uba, ya kamata a iya sa na ajin ɗa ba tare da manhajar ta lalace ba. Don haka `AsusunAdashi` na sama yana buƙatar tunani, domin kod ɗin da ya saba cewa `cire` na yin nasara muddin kuɗi sun isa zai gamu da abin da bai zata ba.

9. Me ya sa ake hana taɓa bayanan obje kai tsaye, alhali ya fi sauri a rubuta?

Saboda metod shi ne ƙofar da ƙa'ida ke tsaye a kanta. Wanda ya rubuta `a._kudi -= 5000` ya tsallake binciken da ke cikin `cire`, kuma asusu zai iya komawa ƙasa da sifili ba wanda ya sani. Akwai dalili na biyu da ya shafe mu a nan: a kasuwa da dala ake ciniki, a takarda kuma da faran na sefa ake rubutawa, dala ɗaya faran 5. Idan manhajar shago ta fara ajiye kuɗi da dala, daga baya aka ga ya fi dacewa a ajiye da faran, to muddin kowa ta metod yake bi, gyaran yana cikin aji ɗaya. Idan kuwa wurare hamsin suna taɓa `_kudi` kai tsaye, ɗaya da aka manta ya isa ya ninka bashin wani sau biyar.

Java da C++ suna da kalmar `private` da kompaila ke tilasta bin ta. Python ba ya tilastawa. Layin ƙasa da ke gaban `_kudi` al'ada ce kawai da ke cewa wannan na cikin gida ne.

10. Akwai metod da ba ya buƙatar obje?

Akwai. Java tana kiransa `static`, Python kuma yana da `@staticmethod` da `@classmethod`, wanda na biyun ke karɓar ajin kansa a madadin `self`. Irin wannan ya dace da aikin da bai shafi asusu guda ba, kamar juya dala zuwa faran. A Java kompaila ke ɗaure kiran `static` tun da wuri, don haka abin da aka bayyana a tambaya ta 6 ba ya aiki a kansa. A Smalltalk aji ma obje ne, shi ya sa `Asusu new` saƙo ne kamar kowane saƙo.

11. Idan na saka obje cikin saƙo, kwafinsa ake aikawa ko shi kansa?

A Python da Java abin da ke tafiya shi ne manuni zuwa ga objen, objen kansa yana nan guda ɗaya. Idan metod ya canza cikin objen, misali ya ƙara suna a jerin da aka miƙa masa, mai aikawa zai ga canjin a nasa ɓangaren. Idan kuwa metod ya ɗora sunan da ya karɓi objen da shi a kan wani sabon obje, wannan ya tsaya a cikin metod, na mai aikawa bai motsa ba. C++ ya bambanta, domin idan ba a nuna ana son manuni ba, kwafin objen yake yi. Wannan yana da alaƙa da tambaya ta 9: metod da ya mayar da ainihin jerin da ke cikin obje ya ba na waje damar canza shi ta bayan gida, don haka sau da yawa kwafi ya kamata a mayar.

12. Neman metod a kowane kira ba ya rage saurin manhaja?

Yana da ɗan farashi, amma an daɗe da rage shi. Kompailolin C++ suna gina wa kowane aji mai metod `virtual` teburin adireshi, kowane obje kuma yana riƙe da manuni zuwa teburin ajinsa, ta yadda kira ba ya buƙatar hawa sarƙar gado, sai dai a leƙa gurbi ɗaya a tebur. A yarukan da ba a san nau'in obje ba sai ana aiki, Peter Deutsch da Allan Schiffman sun nuna wata dabara a 1984 ga Smalltalk: a tuna metod ɗin da aka samu a karon baya a daidai wurin kiran, domin galibi ajin da ya zo jiya shi zai sake zuwa. Masu aikin yaren Self sun faɗaɗa ta a 1991 ta riƙa tuna azuzuwa da dama, kuma daga can dabarun suka shiga injin HotSpot na Java da V8 na JavaScript. Python 3.11 na 2022 ma ya ɗauki irin wannan hanya. Ga manhajar shago ko ta makaranta, jinkirin karanta rumbun bayanai ko jiran intanet ya fi na neman metod nesa ba kusa ba.

13. Su wa suka fara wannan tunani?

Aji da obje da gado sun fito ne daga Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙiro a birnin Oslo na ƙasar Norway domin kwaikwayon tsare-tsare na zahiri a kwamfuta. Maganar saƙo kuwa ta Alan Kay ce da abokan aikinsa, cikinsu har da Dan Ingalls da Adele Goldberg, waɗanda suka gina Smalltalk a cibiyar Xerox PARC da ke Kalifoniya a Amurka, daga Smalltalk-72 har zuwa Smalltalk-80. Kay ya karanci lissafi da ilimin halittu, kuma ya ɗauki objoji tamkar ƙwayoyin halitta, kowace a rufe, ba sa hulɗa sai ta saƙo. A 1998 ya rubuta cewa yana nadamar yadda sunan “obje” da ya zaɓa ya karkatar da hankalin mutane ga objoji, alhali babban tunanin shi ne aika saƙo.

Bjarne Stroustrup ya bi reshen Simula lokacin da ya fara aikin da ya zama C++ a 1979, Java ta 1995 kuma ta bi sahunsa a siffar rubutu. Wannan ne dalilin da ya sa littattafan Java ke cewa “kiran metod”, na Smalltalk da Ruby kuma ke cewa “aika saƙo”.

14. Shin saƙon yana tafiya da gaske, kamar na waya?

A yarukan da aka ambata a sama, a'a. Mai aikawa yana tsayawa cak har metod ya gama ya mayar da amsa, kuma duk abin yana faruwa a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta guda, bi da bi. Akwai dai wani tsari da saƙo ke tafiya da gaske, wanda Carl Hewitt da abokan aikinsa suka gabatar a 1973, inda kowane ɗan aiki ke da akwatin saƙonsa, mai aikawa kuma ya jefa saƙo ya ci gaba da harkarsa ba tare da jira ba.

Yaren Erlang, wanda Joe Armstrong, Robert Virding da Mike Williams suka fara a kamfanin Ericsson a 1986 domin na'urorin sadarwar tarho, a kan irin wannan hanya yake aiki, kuma da shi aka gina sabobin WhatsApp. A can sababbin tambayoyi ke tasowa waɗanda kiran metod ba ya haifarwa: me za a yi idan amsa ta makara, ko mai karɓa ya mutu kafin ya karanta, ko saƙonni daga masu aikawa biyu suka iso a jerin da ba a zata ba. Erlang yana ba da tabbacin jeri ne kawai tsakanin mai aikawa guda da mai karɓa guda, sauran kuma mai rubuta manhaja ke tsara su da iyakar lokacin jira da masu sa ido da ke sake tayar da ɗan aikin da ya faɗi.